Yadda Ake Tara Kwandalar Amurka Mai Ɓauna Ta Senti 5, Da Yadda Ake Gane Kuɗinta

A cikin tambayoyin da ake yi mini kan tsofaffin kuɗi, babu wadda ta kai ta kwandalar nan ta Amurka yawa, mai kan mutum a fuska ɗaya da ɓauna a ɗayar. Wani ɗan'uwa ne ya kawo masa ita tsaraba, wani cikin gwangwanin sulallan mahaifinsa ya tsinto ta, wani kuma gani ya yi an ce an sayar da irinta dubban daloli, hankalinsa ya tashi. Kowa tambayarsa ɗaya: nawa za ta yi?

Amurkawa suna kiranta Buffalo nickel, kuma da wannan sunan za ka neme ta a kowace kasuwa. An buga ta daga 1913 zuwa 1938. Abu uku ne ke yanke mata kuɗi: shekarar da aka buga ta, gidan da ya buga ta, da yadda jikinta ya rage. Tsufa kaɗai ba ya cikin lissafin. Akwai ta 1913 da ba ta wuce 'yan daloli ba, akwai ta 1937 da ke kai ɗaruruwa. Bi matakan nan a jere, kada ka tsallake, domin kowane mataki shi ke gaya maka ko akwai amfanin zuwa na gaba.

1. Haɗa kayan aiki kafin ka taɓa ta

Kana bukatar gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da waya. Sai ƙaramin sikeli mai auna giram har zuwa 0.01, irin na 'yan gwal. Sai maganaɗisu, rula mai milimita, fitila guda mai haske sosai, da tsumma mai laushi da za ka shimfiɗa a tebur. Gilashin da sikelin duka ba sa kai dala 30 a shagunan intanet. In ba ka son sayen sikeli saboda kwandala ɗaya, kai ta wurin mai sayar da gwal ya auna maka a gabanka.

Riƙe ta ta gefe, tsakanin babban yatsa da manuni. Gumin hannu yana barin tabo da ba ya fita.

Gargaɗi: kada ka wanke ta. Ba toka, ba lemun tsami, ba tsamiya, ba man goge baki, ba soson ƙarfe, ko gogawa da bakin riga ma kada ka yi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin dukiyar masu farawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa, mutum yana so ta yi ƙyalli kafin ya nuna wa mai saye. Mai saye da ya san aikinsa da kallo ɗaya yake gane wankakkiya, saboda ƙananan zane-zanen da gogar ke bari da wani fari marar rai da take yi. Kwandalar da aka wanke takan rasa rabin kuɗinta, wani lokacin fiye. Duhun nan da kake gani a jikinta shi ake so.

2. Tabbatar ita ce

A gaba akwai kan mutum daga ƙabilun asali na Amurka, yana fuskantar dama, da kitso da gashin tsuntsu a ka, da kalmar LIBERTY kusa da bakin kwandalar. A baya ɓauna ce tsaye tana fuskantar hagu, ƙasanta an rubuta FIVE CENTS. Gefenta sumul yake, babu tsaga-tsaga.

Nauyinta giram 5, faɗinta milimita 21.2. Wadda ta sha yawo a hannun mutane za ta ɗan ragu kaɗan, wannan ba komai. Amma in ta yi nisa da giram 5, sama ko ƙasa, ajiye ta gefe. Haɗin ƙarfenta kashi 75 jan ƙarfe ne, kashi 25 nikel, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. In ya kama, jabu ce. Sannan riƙe ta fuskar mutumin a tsaye, ka juya ta daga sama zuwa ƙasa: ɓaunar ya kamata ta fito a tsaye daidai. Haka ake buga kuɗin Amurka.

Abu biyu na ruɗa mutane a nan. Na farko, a 2005 an buga senti 5 mai ɓauna a baya, amma kan Shugaba Jefferson ne a gaba. Wannan sabuwa ce, ba ita muke magana ba. Na biyu, akwai manyan sulallan azurfa da na zinariya da aka ɗauki zanen nan aka sa musu, da kuma na kwaikwayo masu ɗauke da kalmar COPY. Girma da nauyi za su raba maka gardama.

3. Karanta shekara

Shekarar tana kan kafaɗar mutumin, ƙasa ta hagu. Ƙarƙashinta akwai ƙaramin harafin F. Wannan ba alamar gidan bugu ba ce, harafin farko ne na sunan ƙarshe na mai zanen, James Earle Fraser, kuma ba ya ƙara mata ko sisi.

Matsalar wannan kwandala a nan take. An ɗora shekarar a wuri mai tudu, wurin da yatsa da aljihu suka fi goga, saboda haka ita ke fara shafewa. Miliyoyinsu suna nan babu shekara sam. Kashe sauran fitilu, ka bar guda, ka karkata kwandalar hasken ya zo mata ta gefe, ka dinga juya ta a hankali ƙarƙashin gilashi. Sau da yawa lambobi biyun ƙarshe suna fitowa kamar inuwa, kuma su ne kake bukata, tunda na farkon 19 ne a kowane hali.

In babu komai, juya baya ka dubi ƙasan da ɓaunar ke tsaye. A farkon 1913 an buga ta tsaye kan tudu, rubutun FIVE CENTS yana jikin tudun. Da aka ga rubutun zai yi saurin gogewa, cikin shekarar aka sauya, aka miƙe ƙasan ya zama layi, aka sa rubutun cikin rami. To duk wadda ɓaunarta ke kan tudu, ta 1913 ce, samfurin farko, ko da shekarar ta shafe ƙaf. Mai layi kuwa, wato samfuri na biyu, tana iya zama kowace shekara daga 1913 zuwa 1938.

Marar shekara kuɗinta bai kai dala ɗaya ba a mafi yawan lokuta. Masu yin maɓalli da kayan ado ne ke kwashe su da yawa.

Gargaɗi: akwai wani ruwan asid da ake sayarwa da sunan Nic-A-Date, ana ɗiga shi a kafaɗar sai shekarar ta bayyana. Yana aiki, amma yana cinye wurin ya bar tabo har abada, kuma kasuwa tana ɗaukar irin wannan a matsayin mai lahani. Ni a ganina ba a kai shi kusa da kwandalar da ko lamba ɗaya ake iya karantawa a jikinta. Wurin da yake da hujja kawai shi ne wadda ta shafe sarai kuma tana da harafi a baya, domin in shekara mai wuya ta fito, ko da tabon ta fi yadda take a da. In kai ne mai saye, duk wadda ka ga kafaɗarta ta yi wani ɗan fili mai launi daban, an ɗiga mata.

4. Nemo harafin gidan bugu

Duba baya, can ƙasa, ƙarƙashin FIVE CENTS. Harafin D na nufin Denba, S na nufin San Faransisko. In babu harafi, Filadelfiya ce ta buga. Yawancin masu tsada suna cikin masu D da S, saboda gidajen biyu ba su buga da yawa kamar Filadelfiya ba.

Riƙe wannan jerin, zai tsare ka daga jabu tun kafin ka ɗauki sikeli. Ba a buga kwandalar ba sam a 1922, 1932 da 1933. Babu mai D a 1921, 1923 da 1930. A 1931 mai S ce kawai, a 1934 babu mai S, a 1938 kuma mai D ce kawai. Duk wanda ya kawo maka abin da ya saɓa wa wannan, kada ka ɓata lokaci.

Gargaɗi: 'yan damfara suna ƙara harafi. Wasu liƙa shi suke yi, za ka ga ɗan layi ko canjin launi kewaye da gindinsa. Wasu sun fi wayo: su huda gefen kwandalar daidai saitin wurin, su turo harafin daga ciki, su toshe hujin. Saboda haka in harafi ne zai ɗaga kuɗin kwandala, dubi gefenta na ƙasa da gilashi ko akwai alamar toshi ko goge.

5. Gwada ta da masu wuyar samu

Yanzu kana da shekara da harafi. Mafi ƙarancin bugu ita ce 1926-S, guda 970,000 kacal. Sai 1931-S mai 1,200,000, da 1913-S samfuri na biyu mai 1,209,000, da 1924-S, 1915-S da 1921-S waɗanda kowacce ke kewayen miliyan ɗaya da rabi. Kwatanta da ta Filadelfiya ta 1936, wadda aka buga kusan miliyan 119. Shi ya sa ta 1936 ko 1937 da ta sha hannu ba ta wuce dala 1 zuwa 3.

Amma yawan bugu ba shi ne duka labarin ba. Ta 1931-S, duk da ƙarancinta, mutane sun ɓoye ta da yawa tana sabuwa, don haka tana da sauƙin kuɗi har yau. Ta 1913-S samfuri na biyu kuwa ta shiga hannu ta goge, shekararta ta shafe, shi ya sa mai karantuwa ke kai ɗaruruwan daloli ko da ta tsufa tuɓus. Ita 1926-S gogaggiya 'yan gomomin daloli ce, amma mai lafiyar jiki tsallenta ba kaɗan ba ne. Masu D na 1913 samfuri na biyu da na 1914 su ma a sa musu ido.

6. Duba kurakuran bugu

A nan manyan kuɗin suke, a nan kuma jabu ta fi yawa.

Wadda ta fi suna ita ce 1937-D mai ƙafa uku. Wani ma'aikaci a Denba ya goge hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi don ya kawar da wani tabo, gogar ta yi yawa har ƙafar gaba ta dama ta ɓauna ta tafi. Ta gaskiya tana kai ɗaruruwan daloli ko a goge, mai ƙyalli kuma dubbai. Saboda haka mutane ke ɗaukar ta 1937-D ta dala biyu su kankare ƙafar. Ga yadda ake raba su. A ta gaskiya kofaton yana nan a ƙasa, ƙafar ce kawai babu, kuma wurin sumul yake, launinsa ɗaya da sauran fili. Ƙafar baya ta dama tana da rami-rami kamar wadda asu ya ci. Ƙarƙashin cikin ɓaunar akwai wasu ƙananan ɗigogi masu tudu da suka jeru daga ciki zuwa ƙasa. Bayan wuyan mutumin a gaba shi ma yana da kaushi. Mai kankara yana iya cire ƙafa, amma ba ya iya ƙirƙiro waɗannan alamu duka. In ƙafar baya lafiyarta lau, cikin ma babu ɗigo, an yi mata aiki ne.

Sai 1918-D da aka buga 8 a kan 7. Da gilashi za ka ga saman 8 ɗin a miƙe yake da kusurwa, jikin 7 ya ratsa ta ciki. Wannan ko gogaggiya tana dosar dala dubu. Sai ta Filadelfiya ta 1916 mai ninkin gaba, wadda shekararta ta fito sau biyu ƙarara, ninkin har a haɓa da gashin tsuntsu. Dubban daloli ce a kowane hali. Akwai kuma 1936-D mai ƙafa uku da rabi, da 1938-D da aka buga D a kan S, wannan ta ƙarshen ba ta da tsada sosai.

Gargaɗi: ba kowane ninki ne ninki ba. Wani lokaci inji ne ke ɗan zamewa wurin bugu, sai rubutu ya fito da wata inuwa shimfiɗaɗɗiya a gefe. Wannan ba ya ƙara kuɗi. Nemi hoton ta gaskiya a shafin CoinFacts na PCGS, kamfanin tantance sulalla, kyauta ne, ka ajiye kusa da taka ka gwada lungu da lungu.

7. Ba ta maki

Ana auna lafiyar kwandala da maki daga 1 zuwa 70. A wannan kwandala, tsohuwar ƙa'idar 'yan kasuwa ita ce a dubi ƙahon ɓauna. In ƙahon ya shafe, shekara tana karantuwa, LIBERTY ta fara haɗewa da baki, maki 4 ke nan. Rabin ƙaho, maki 8. Kashi uku cikin huɗu na ƙaho, LIBERTY ta rabu da baki, maki 12. Ƙaho cikakke ko da ya ɗan kwanta, maki 20. Ƙaho har tsininsa, da jela a fili, gogewa kaɗan a wurare masu tudu, maki 40. Daga 50 zuwa 58 saura ƙiris ta zama sabuwa. Daga 60 zuwa sama ba ta taɓa shiga hannun ciniki ba.

Don gane ko ta taɓa yawo, dubi ƙashin kuncin mutumin, gashin da ke saman kitso, da ƙugun ɓauna. Juya ta ƙarƙashin fitila. A sabuwa ƙyallin yana zagayawa ko'ina ba yankewa. A wadda aka taɓa, yana mutuwa a waɗannan wuraren.

Wani abu da ya kamata ka sani: masu D da S da yawa na shekarun 1920 tun daga gidan bugu ba su fito da kyau ba, saboda hatiman sun gaji. Za ka ga kwandala da ƙyallinta cif amma ƙahon bai cika ba. Wannan raunin bugu ne, ba gogewa ba. Shi ya sa ba a dogara da ƙaho shi kaɗai. Kuma in kana shakka tsakanin maki biyu, ɗauki na ƙasa, domin mai saye na ƙasan zai ɗauka.

8. Nemo kuɗinta na gaskiya

Shiga jadawalin farashi na PCGS ko na NGC, shi ma kamfanin tantance sulalla ne, nemi shekara, harafi da makin da ka ba ta. Wannan farashin shago ne na wadda aka tantance. Daga nan shiga eBay ka tace sakamakon ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kawai, ka dubi biyar ko goma masu kama da taka. Ga masu tsada, duba tarihin gwanjon Heritage Auctions ko Stack's Bowers. Ka tuna adadin da suke nunawa ya haɗa da la'adar da mai saye ya biya, kusan kashi 20 cikin 100 ko sama kaɗan, ba duka ne ya shiga aljihun mai kaya ba.

Gargaɗi: farashin da mutum ya sa wa kayansa ba farashi ba ne. Kowa na iya ɗora kwandalar dala ɗaya ya rubuta dala 10,000, kuma irin waɗannan hotunan ne ke yawo a wayoyi suna ɗaga wa mutane hankali. Abin da aka biya shi ne magana. Dillali kuma ƙasa da farashin jadawali zai taya, domin shi ma riba yake nema. Sannan duk mai sayen da ya ce sai ka fara tura kuɗin rajista ko na takardu kafin ya biya ka, ɗan damfara ne, katse maganar.

9. Yanke shawarar kai ta tantancewa

PCGS, NGC da ANACS kamfanoni ne da ke duba kwandala, su tabbatar ta gaskiya ce, su ba ta maki, su rufe ta cikin roba mai lamba. Kuɗin aikin yana farawa daga dala 20 da 'yan kai kan kowace guda, ban da kuɗin rajistar zama memba a PCGS da NGC, da kuɗin aikawa zuwa da dawowa, da inshora. Ga wanda ke wajen Amurka, aikawar takan fi aikin kansa tsada, kuma wasu kamfanonin aika saƙo ba sa karɓar sulalla, sai ka tambaya tukuna.

Ƙa'idata mai sauƙi ce: in lissafinka bai nuna za ta haura dala 200 ba, bar ta a gida. Amma mai ƙafa uku, ko 8 kan 7, ko ninkin 1916, ko 1913-S samfuri na biyu, ba a sayar da su da daraja sai da tantancewa, kuma kai ma kada ka saye su sai a rufe. Wankakkiya ko mai tabon asid za su rufe ta su rubuta lahaninta, ba za su ba ta maki irin na marar lahani ba. In za ka sayi rufaffiya, shigar da lambar jikin robar a shafin kamfanin ka gwada bayanin, da hoton in akwai, domin robar ma ana yin jabunta.

10. Fara tarawa

Cikakken jeri, kowace shekara da kowane harafi, guda 64 ne, ban da kurakuran bugu. Kada ka fara da wannan. Fara da gajeren jeri na 1934 zuwa 1938, guda 12, duka ana samun su da sauƙin kuɗi kuma da ƙaho cikakke. Kafin ka gama haɗa su idonka ya buɗe, ka san yadda lafiyayyar kwandala take a hannu. Daga nan ka ƙara samfuri biyun 1913 na Filadelfiya, sai ka koma baya shekara bayan shekara.

Zaɓi maki ɗaya ka tsaya a kai, misali 12 zuwa 20, don jerin ya yi kama da juna. Kada ka sayi wadda ba a ganin lambobinta huɗu. Guda ɗaya mai kyau ta fi buhun "ba a tsince ba" da ake tallatawa, domin an tsince shi tun kafin ya iso gare ka. Rubuta kowace a littafi: shekara, harafi, maki, inda ka saya da nawa.

11. Ajiye ta

Sa kowace ita kaɗai cikin ɗan kwali mai taga ko ƙoƙon roba mai tauri da aka yi don sulalla. Guji ledar nan mai laushi da ake yi da PVC. Da zafi tana fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe. In ka riga ka ga koren, tsoma kwandalar cikin tsantsar asiton na 'yan mintuna, ka ɗaga ta ta bushe da kanta ba tare da gogawa ba, a wuri mai iska, nesa da wuta. Ruwan goge farce, ko da mai asiton ne, ba zai yi ba, yana da turare da mai a ciki.

Zuba su duka cikin akwati mai murfi da ke rufuwa ruf, tare da 'yan ƙunshin shan danshi irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka sauya su duk shigowar damina. In kwalin mai taga ne da ake maƙalewa da ƙusar ofis, danne bakin ƙusoshin da filaya su kwanta, don kada su karce ta kusa da ita.